Wurin da Nake Tsallakewa

Shekarar da Baba ya rasu na zama mai tankaɗen fim a gidanmu na Ƙofar Taramniya. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina, kamar yadda na saba. Inna ta gama takaba amma ta ƙi barin ɗaki, abinci ma sai an yi ta lallashi. Sai ƙanena ya sayo babban talabijin, ya haɗa shi da manhajar nan ta waya da ake kallon fina-finai masu dogon zango, ko Allah zai sa ta ɗauke hankalinta daga tunani. Kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biyo ta gida. Bayan la'asar mu kunna, ina zaune a gefe ina fassara mata Turancin.

Rana ta biyu muka sha kunya. Ana cikin hira a fim, ba sallama ba gargaɗi, mutum ya rungumo mace ya shiga tsotsar bakinta. Ni ce 'yar farin Inna, ko sunana ba ta faɗa, sai dai ta ce "ke". To a ce ni da ita muna zaune a tabarma ɗaya ga wannan abu a gabanmu! Na rarumi rimot na danna abin da ban sani ba, sai ƙara ta ƙaru. Inna ta duƙufa tana gyaran bakin zaninta da ba abin da ya same shi.

Daga ranar na ɗauki ƙa'ida, rigakafi ya fi magani. Kowane kashi sai na fara kallonsa ni kaɗai a waya lokacin tara, da abin sauraro a kunne, ina rubuta mintocin a bayan littafin darasi: daga sha biyu zuwa sha huɗu, tsallake, talatin da ɗaya, tsallake. In mun zauna da yamma, yatsana na kan rimot, ana zuwa wurin sai in tura gaba. Gari mai laushi in ba Inna, tsakin in zubar.

'Yan kallon namu kowa da halinsa. Goggo, ƙanwar Baba, da ta ga mace da namiji sun matso kusa sai ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati, amma wallahi na sha ganin ido ɗaya a waje. In na tsallake kuma ita ce mai cewa na cika gaggawa, ba a san yadda aka ƙare ba. Ƙanena kuwa wa'azi yake mana a tsaye a bakin ƙofa, cewa Turawa da gangan suke cusa waɗannan abubuwa don su lalata mana 'ya'ya. Ban ce ƙarya yake ba, ni ma abin yana cina. Amma shi da ya san kashi na nawa ne ke da matsala tun kafin in faɗa, a ina ya sani? Laifi tudu ne.

Sai muka kama wani fim na wasu iyali masu gidan abinci a wata ƙasa mai sanyi: uba mai zafin kai, uwa, da 'ya'ya uku. Inna ta ƙallafa rai a kan autansu, wani siririn saurayi mai taya uwarsa girki yana ba ta dariya. A kashi na shida, ina tankaɗena a ofishin malamai, na ga autan nan ya tsaya gaban ubansa ya ce shi namiji ɗan'uwansa yake so. Uban ya watso masa kaya waje. Na cire abin kunne na yi a'uziyya. Wannan ba aikin minti biyu ba ne. Na yanke shawara a take, duk inda yaron ya fito zan tsallake, da duk inda aka ambace shi.

Ba tsoron Allah kaɗai ya sa ni ba, gara in faɗi gaskiya. Inna tana da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, su biyu rak suka rage. Kawu ɗan daudu ne. Tuwo yake sayarwa a Wamakko, yana magana yana karya wuya yana tafa hannu, kuma abin da ake faɗa a kansa ya fi abin da kowa ya gani da ido yawa. Ina ƙarama shi ke goya ni, shi ya koya mini tuƙa tuwo ba gudaji. Ina da kamar shekara goma Baba ya ce kada ya ƙara tako masa zaure, gidan malamai ne, ɗalibai na shige da fice. Inna ba ta musa masa ba. Daga ranar sunan Kawu ya fita daga bakin kowa a gidan.

Ranar sadakar ukun Baba aka ce ana sallama da ni a waje. Na leƙa, sai ga Kawu can gefe da jama'a, ya tsufa, ya sa doguwar riga da hula kamar kowa, yana rungume da wata shuɗiyar kula. Ya ce, "Ɗiyata, ina Yaya? A gaya mata na zo gaisuwa." Na dubi malaman da ke zaune kan tabarmi, na ga wasu sun fara satar kallonsa. Na ce Inna ba ta ganin kowa. Ya ce ba komai, ya miƙo kular, tuwon shinkafa ne da miyar sure, ya san ba ta iya cin abinci in tana baƙin ciki sai wannan. Na karɓa, na juye wa baƙi a cikin gida ban ce daga ina ba, na wanke kular na tura ta bayan buhuna a ɗakin ajiya. Inna ba ta taɓa sanin ya zo ba.

To shi ya sa na share autan fim. Kwana uku abin yana tafiya, kashin minti arba'in ya koma ashirin da 'yan kai. Rana ta huɗu, Goggo ba ta zo ba, mu biyu ne. Inna ta ce, "Ke, ina autan ga yat tahi?"

Na ce, "Karatu aka tura shi, Inna."

Ta mai da ido kan talabijin. Can aka nuno uwar tana jera faranti a tebur, ta ajiye biyar, ta tsaya, ta ɗauke ɗaya ta rungume a ƙirji tana kuka ba sauti. Wannan wurin ya kuɓuce mini, don ba a ambaci kowa ba, ba kuma tsiraici.

Inna ta ce, "Tsai da shi." Na tsayar. "Uwa ba ta wanga kuka don ɗa ya tahi karatu. Koro shi anka yi. Mi yay yi?"

Na yi ta kame-kame. Ta juyo ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na sunkuyar da kai na gaya mata, da kalmomin da suka fi sauƙi a baki. Na jira salati da umarnin a kashe. Sai ta ce, "Mai da mu baya, inda kika ɗebe."

Muka koma. Inda autan ya kama hannun saurayin da yake so, Inna ta kawar da kai da kanta tana istigfari, ni kuma na tura gaba, ba ta hana ni ba. Amma inda uwar ta bi dogon titi a cikin sanyi da kwanon abinci, ta hau bene ta ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin da yake haya, Inna ko ƙiftawa ba ta yi. Ban ma fassara ba, ba ta nema ba.

Da ya ƙare ta ce, "Abin da yaka yi ba shi da kyau, shi da Ubangijinai. Amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yas. Tsiraici ki ɗebe min, Allah shi yi miki albarka. Mutum ɗungurungum hwa, wa yab ba ki izni?" Ta goge ido da gefen mayafi. "Ni nau ƙanen ko gaisuwar mutuwa bai zo min ba. Ban ga laihinai ba. Shekara nawa ban neme shi ba?"

Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi. Wata biyar tana ɗauke da wannan a ranta, ni kuwa ina zaune kusa da ita da rimot ina ganin kaina mai kare ta. Na tashi na shiga ɗakin ajiya, na jawo kular duk ƙura, na dire a gabanta. Na faɗa mata komai ina kuka, har da tuwon da na juye wa baƙi.

Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jawo kular ta buɗe, ta leƙa cikinta, ta rufe. Kwana biyu ina zuwa ina gaishe ta tana amsawa a taƙaice, talabijin a kashe. Rana ta uku, Asabar, na je da sassafe na tarar da hayaƙi na tashi a madafa. Inna ce da kanta a tsugune tana turara dambu, karo na farko tun rasuwar Baba. Ta ce, "Ba a mai da kwano wofi. Nemo muna mota."

Ƙanena ya tare mu a zaure, ya fara cewa ai Baba ya hana. Inna ta ce, "Babanku gidanai ya hana a shigo, Allah shi jiƙanai. Bai hana ni zumunta ba, tsoro na ya hana ni." Ya matsa gefe.

Muka isa Wamakko da hantsi. Sai da muka yi tambaya sau biyu kafin aka nuna mana rumfarsa a bayan tasha. Yana zaune a kujera 'yar tsugune, ya ɗaura zani a kan riga, yana kwashe tuwo da mara. Ya ɗago ya gan mu, marar ta faɗi cikin tukunya.

"Yaya?"

Inna ta ce, "Ka rame."

"Ke ma kin rame."

Iyakar gaisuwar shekara talatin ke nan. Ya share benci da gefen zaninsa, ta zauna, ta miƙa masa kular. Ya ji nauyinta, ya buɗe, ƙamshin dambu ya taso, sai ya juya mana baya yana gyara itacen da ke ci lafiya lau. Ni ina tsaye kamar an dasa ni, ina jiran a zo kaina. Har yau ina tsallake abin da nake tsallakewa a fim, ban kuma ji kunyar hakan ba, amma ban taɓa jin ƙanƙanta irin ta wannan tsayuwa ba.

Ya juyo idonsa jajir, ya ce, "Yaya, kin dai samu kin ci tuwon ranan? Da asuba nit tashi nid dahwa miki."

Na buɗe baki zan yi magana. Inna ta ɗora hannunta a kan nawa ta danne, ba ta ko dube ni ba.

Ta ce, "Na ci. Yaji ya yi yawa, kamar kullum. Zubo min wani in gani ko ka gyara."