Sista Baiwa da Ƙarfen Bayan Rauda

Kullum da hantsi, in ta gama wankin miki a asibiti, Sista Baiwa takan rataya jakarta ta bi gidajen Birnin Kebbi a ƙafa, tana duba waɗanda aka sallama. Ba wanda ya sa ta. Ga shi yau ta aje aiki, ko taron shan lemo ba a yi mata ba. Mu da muka cika gari da guɗar samun jiha, mun kasa ce wa mace ɗaya sannu.

A tambayi Sauda, mutuniyar Argungu. Ɗiyarta Rauda ta faɗo daga motar albasa, aka kai ta wani asibiti mai nisa, aka haɗa mata ƙashin baya da ƙarfe. Likitoci sun ja kunne: ƙarfen yana dab da babbar jijiyar jini da ta taso daga zuciya. In ciki ya yi ciwo ko ido ya yi fari, a dawo da ita nan take.

A gidan Inna, kakar yarinyar ta wajen uba, Baiwa ta tarar da Rauda, riƙe da ciki, tafin hannu fari fat. Sauda na gefe, ta kau da kai.

"Tun yaushe?"

"Tun jiya, Sista," in ji Sauda.

"Mi ya hana ki faɗi?"

"Ɗiyar fari ce. Ƙaƙa zan yi zancenta gaban Inna?"

"Kunya za ta ƙara mata jini? To in anka rufe ta gobe, ki je ki yi wa kushewa kara."

Ke ce kika tsaya tsakiyar titi da farar riga kika tare mota, Baiwa. Ke ce kika zauna a baya kina riƙe da yarinyar don kada gargada ta girgiza ta. Da ta fara lumshe ido, kika dubi uwar kika ce, "Kira ta. Da sunanta, ba 'ke wannan' ba."

Sauda ta kira. Tun da ta haife ta ba ta taɓa ba. Yarinya ta buɗe ido.

Can asibitin aka tarar jijiyar ta fara yoyo, aka ɗinke. Rauda na raye.

Mun gode, Sista Baiwa, Allah Ya biya ki abin da muka kasa. Ku kuma masu zaman jinya, in kun ga ciwo ku buɗe baki, ko gaban wa kuke.