Ƙanƙarar da na sha a Katuru

Ana sallame sallar asuba muka bar Kaura, mu uku: ni da direba da wani abokina na makaranta. Ku da ke bibiyata kun san ni ma'aikacin lab ne, wato ɗakin gwaje-gwaje, ina wanke kwalabe ɗalibai na fasawa. Shi kuwa, wanda a aji ni nake koya masa lissafi, ya dawo daga waje ana ce masa Dakta.

Saiwar gero muka fita tonowa. Akwai irin da ciyawar ƙuduji ba ta kashewa, yana son ya gano dalili. A hanyar Banga ya yi mini bayani: furotin iri-iri ne a cikin saiwa suke riƙe da juna suna aiki. Za a kamo ɗaya tare da abokan riƙonsa, a daddatsa su, a zuba a injin da ke auna nauyin kowane guntu, sannan a zana wa ke riƙe da wa. "Amma in saiwar ta yi ɗumi, sakin juna za su yi," in ji shi, yana shafa kular ƙanƙara kamar jaririya. Na ce na sani. A littafi na sani, injin kam ko ganinsa ban taɓa yi ba.

Hanyar Zurmi ruwan damina ya cinye ta, ga shingen jami'an tsaro ɗaya bayan ɗaya, kowa na salati a ransa. Mun karya da waina, ta ƙara tsada ta kuma ƙanƙance. A gona manoma sai "Dakta, Dakta" suke yi. Ni fa? Fartanya aka miƙo mini. Na tono saiwar, muka ƙulla a ledoji muka jera a kula.

Da azahar muka wuce Shinkafi muka isa Katuru, wani dattijo ya sauke mu a zaurensa. Dakta ya shiga wata gona a nan kusa ɗaukar hoto. Dattijon ya ɗaga murfin kula, fuskarsa ta washe.

"Malam, wagga ƙanƙara ta sha ce? A sa maku ga hura, ba mu ba baƙo abu da zahi."

Na san amsar sarai. Na hango Dakta can mutane sun kewaye shi, na ce, "Ɗiba, Baba."

Ya ɗiba, maƙwabta ma aka kai musu. Furar ta yi daɗi, ba zan yi ƙarya ba, har ƙari na yi.

Dab da magariba muka dawo Kaura. Dakta ya buɗe kula, ledojin saiwa na iyo a ruwa mai ɗumi. Ya daɗe a tsugune. Kafin a sake shirya wata tafiya gero zai wuce girman da ake so, sai kuma baɗi. Bai zargi kowa ba, cewa ya yi laifinsa ne da bai ƙaro ƙanƙara a Shinkafi ba. Sai ya ciro takarda daga jaka ya miƙo mini.

"Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Na so in ba ka mamaki."

Sunana ne na biyu a kan aikin. A ƙasa an rubuta za a ɗauke ni in je in koyi injin, muddin saiwar ta isa lafiya.

Ni yake ba haƙuri, jama'a! Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne hassadata ba ta san kayan wa take ɓatawa ba. Na kasa faɗa masa ido da ido, shi ya sa na rubuta a nan. Na san yana karantawa.