Rayuwar Ummulkhairi Tela da Ciwon Gidanmu

Haihuwa

An haifi Ummulkhairi a Kucheri ta ƙasar Tsafe a shekarar 1976, da damina. Mahaifinta Malam Lawwali manomi ne, mahaifiyarta Inna Kulu. Ni Hussaina ƙanwarta ce, kuma da ka nake rubuta wannan, in na kuskure shekara a gafarce ni.

Karatu da sana'a

Ta yi makarantar allo, ta yi firamare zuwa aji biyar. A 1989 Inna ta rasu da ciwon nono, amma a gidanmu ba a taɓa kiran sunansa ba, sai dai a ce ta yi jinya. Daga nan Ummulkhairi ta koma Gusau wurin gwaggonmu, inda ta koyi ɗinki har ta mallaki kekenta.

Aure

A 1995 ta auri Malam Jibo, mai sayar da hatsi a Bungudu, kuma a can ta zauna tana yi wa matan unguwa ɗinki.

Jinya ta farko

A 2016 ta ji ƙulli a nononta na hagu, aka cire shi a asibiti a Sakkwato. Da likita ta ji labarin Inna, ta aika jinin Ummulkhairi gwaji, aka tabbatar cewa cutar daji ce ta gado. A 2018 aka cire mata mahaifa da ma'ajiyar ƙwai don rigakafi. Ina wurin likita ta ce haɗarin ya ragu ƙwarai amma bai ƙare ba, domin ciwon kan iya tsirowa a tantanin da ya lulluɓe hanji, don haka ta riƙa zuwa ana duba ta. Ummulkhairi ta riƙe rabin maganar na farko. Da hanya ta lalace, ta daina zuwa.

Jinya ta ƙarshe

A 2023 cikinta ya fara kumbura, loma uku ta ƙoshi. Maƙwabciyarta ta tsokane ta, ta ce, “Hajiya, auta za a yi wa ƙane?” Ta yi dariya ta ce, “Da wace mahaifar? Wake ne bai karɓe ni ba.” Ta sha kanwa da jiƙo, ta riƙa buɗe rigunanta da kanta a keke, shi ya sa ba mu lura ba. Da muka kai ta asibiti bayan wata bakwai, ciwon ya riga ya cika tantanin nan. A rigarta ɗaya na ƙirga sawun ɗinki uku.

Malam Jibo ya roƙe ni kada a bayyana cewa gado ne, don kada manema su guji yaran. Ita kuwa ta ce min, “Hussaina, ki faɗa wa yaran ciwon nan da sunansa.”

Rasuwa

Ta rasu ranar Talata a watan Sha'aban na 2024, aka yi mata sutura a Bungudu bayan azahar. Allah ya jiƙanta, ya sa jinyar ta zama kaffara.

Ta bar 'ya'ya biyar. Juwairiyya ta yi gwaji, tana da gadon, ana duba ta, kuma mijinta ya sani. Nana Khadija ba ta da shi. Mahadi da Tajuddeen ba su je ba, suna cewa abin na mata ne, alhali likita ta ce namiji ma yana ɗauka ya ba 'ya'yansa. Maryam, auta, an sa ranar aurenta bayan Sallah. Ta ce ni zan raka ta asibiti kafin nan, kuma mahaifinta ya ce shi zai kai mu tasha.