Makunnin Da Na Haɗa Ya Cinye Muryar Babana

A shekarun da abin nan ya faru ina da ɗan shago a Yelwa, kusa da hanyar bakin ruwa, ina tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Ni mutum ne mai son ƙirƙire-ƙirƙire, kuma ba na son a koya mini. Da ɗan ƙarfen dalmata a hannu, gani nake babu abin da ya gagare ni. Abokan sana'a har injiniya suke ce mini don zolaya, ni kuwa ina amsawa da gaske.

Kwamfuta biyu gare ni. Ɗaya ta kasuwa ce, kowane memori aka kawo a cikinta nake sawa, don haka kullum cike take da bairos. Ɗayar tsohuwa ce, ba ta taɓa shiga intanet ba, ban kuma yarda memorin kowa ya taɓa ta ba, domin muryar mahaifina na ciki. Baba masunci ne, Bagunge, an haife shi a wani gungu, wato tsibiri, da ruwan Kainji ya shanye. Kafin rasuwarsa na riƙa zama da shi ina ɗaukar hirarsa a kaset: sunayen kakanninmu, inda kowane gida yake a tsohon garin, da waƙoƙin da suke yi in suna jan taru. Daga baya na juye su a tsohuwar kwamfutar, kaset ɗin kuma danshi ya lalata su. Duk duniya babu inda muryarsa ta rage sai nan.

Akwai wata babbar filash da nake ɗaukar aiki da ita tsakanin kwamfutocin biyu, in na goge ta tas. Zarewa da sawa ya sa bakin tsohuwar ya fara sakwarkwacewa, sai dabara ta zo mini. Na yanka wayoyin USB, na ga kowace siraran wayoyi huɗu ne a cikinta. Na je na sayo irin makunnin nan mai baƙin hannu da ake canja wuta da shi daga janareto zuwa Nepa, mai baki huɗu. Na liƙa filash a tsakiya, kwamfuta ɗaya a sama, ɗaya a ƙasa. In na ɗaga hannun, filash ta koma wannan, in na sauke ta koma waccan, su kuwa ba sa taɓa haɗuwa. Na kafe shi a bango daidai kan bencin baƙi. Wani dattijo mai gyaran rediyo a maƙwabtana ya duba ya ce aikin ya yi kyau, amma in sa shi a akwati in ɓoye, don duk wanda ya gan shi zai ɗauka na wuta ne. Na yi dariya na ce ai shagon nawa ne.

Ranar da abin ya faru, tsohuwar kwamfutar ta cika tana ta tsayawa, na yi niyyar wanke ta. Maimakon in kwafi hirarrakin Baba, sai na ba da umarnin a kwashe su gaba ɗaya zuwa filash, don in huta da gogewa. Ana cikin kwashewar sai ga Inna, mahaifiyata, ta biyo daga kasuwa, ta ce ta zo ta huta, in kuma kunna mata tsohon nata ta ji. Na ce ta ɗan jira, na zaunar da ita a benci, na fita alwalar azahar. Janareto na ta ruri. Ina wanke ƙafa na ji maƙwabta na cewa an kawo wuta. A gida Inna ce mai canja mana wuta, don ba ta ƙaunar ta ga mai na ƙonewa a banza. Ko da na shigo, hannunta na kan makunnin, tana murmushi tana ce mini in je in kashe injin, ta riga ta juya.

Na taɓa filash na ji ta da zafi. Na ɗaga hannun, na sauke, na sake ɗagawa, babu kwamfutar da ta gan ta. Na zare ta na sa kai tsaye, shiru. Na ce wa Inna ta kyauta, ta tafi gida kawai yau na'urar na gardama. Na kai filash ɗin Kontagora, na kai ta Sakkwato, wani ya tura ta Kano. Kowa amsarsa ɗaya, ƙwaƙwalwarta ta ƙone. Tsohuwar kwamfutar ma na ba masana su tono abin da aka kwashe, amma a ruɗewata na riga na yi ta loda mata manhajoji ina gwadawa, na binne komai da hannuna. Abin da ya tsira guntu ɗaya ne da kwashewar ba ta kai kansa ba. A ciki Baba ya yi tari, ya gyara zama, ya tambaye ni ko abin ya fara ɗauka. Shi ke nan.

Har Inna ta koma ga Allah ban gaya mata abin da hannunta ya taɓa ba, domin ba laifinta ba ne, ni na kafa mata tarkon. Duk sanda ta nemi jin muryarsa sai in ce ana gyara. Da ta gaji da jira ta ce in kunna mata ko mene ne ya samu. Na kunna mata tarin nan, ta saurara, ta ce in maimaita. Haka muka riƙa yi har ƙarshen ranta. Yanzu 'ya'yana na tambayata sunan kakan kakansu, ina buɗe baki ba na tunawa, kuma babu sauran wanda zan tambaya.

Ina roƙon masu irin sana'ata, abin da ba ku da na biyunsa kada ku kwashe shi, ku kwafa, ku ajiye a wuri fiye da ɗaya kafin ku gwada dabararku a kansa. Duk abin da kuka haɗa, ku tuna ba ku kaɗai za ku taɓa shi ba. Wanda kuma tsohonsa ke raye, ya je ya zauna ya haddace abin da yake faɗa da kansa. Ni na bar wa na'ura ta riƙe mini, ban riƙe komai ba.