Ƙofar da Na Zaɓa wa Kajina

Shekarar da yanar ido ta rufe ni, ina da kaji goma sha huɗu da zakara ɗaya a bayan gidana a Nguru. Tun da na ajiye aikin koyarwa, maigidana kuma ya riga mu gidan gaskiya, su ne abokan zamana. Da asuba in buɗe musu akurki, da almuru in rufe, domin akwai wani muzuru a unguwarmu da ba ya ɗaga wa kowa ƙafa.

'Yata ta fari ma'aikaciyar jinya ce a Gashua. Ta daɗe tana roƙona in je a yi mini aikin ido, ni kuma kullum amsata ɗaya ce: wa zai buɗe wa kajina, wa zai rufe? Ƙanena da ke can ƙasan layinmu ya ce matarsa za ta riƙa zuba musu tsaba da ruwa da rana, amma sammako da yammaci ba za ta iya ba.

Wata Asabar 'yata ta zo, ta zauna kusa da ni a tabarma, ta ciro wayarta.

"Mama, an yi ƙofar akurki mai buɗe kanta ta rufe kanta. Ki zaɓa, ni zan saya."

Na ɗauka wasa take yi. Ta ƙara girman hoton har na ga inuwarsa, tana karanta mini bayanin. Akwai mai bin agogo, akwai mai jin hasken gari. Na ce kaza ba ta san ƙarfe shida ba, a ba ni mai jin haske. Akwai mai batir, akwai mai sola. Na zaɓi sola, tunda rana ba ta yi mana rowa a Nguru. Sai na tuna da wata kaza wake-wake da nake da ita mai ɗingishi, wadda kullum ita ce ƙarshen shiga.

"In ƙofar ta sauko a kanta fa?"

"Akwai mai tsayawa in ta taɓa abu, Mama."

"To ita nake so."

Muka je bayan gida da tef ɗin tela, ta auna bakin akurkin, ni ina riƙe da gefe ɗaya. Har la'asar muna wannan shawara. Rabona da jin daɗi irin na ranar tun kafin takaba.

Bayan mako biyu ta ce ƙofa ta iso Gashua, za ta aiko wa kawunta a mota ya sa a ɗaura. Na haɗa kaya kala uku, ta zo muka tafi Gashua.

Aka yi ido ɗaya, aka jira, aka yi ɗayan. Mako ukun da aka ce zan yi ya koma wata biyu. Duk bayan kwana biyu ina kiran ƙanena.

"Yaya, ai abin sai wanda ya gani. Gari na wayewa take ɗagawa. Maƙwabta har leƙowa suke yi."

"Mai ɗingishin fa?"

"Tana nan garau, har ta yi ƙiba."

Da na ce zan koma, sai 'yata ta ce likita bai sallame ni ba tukuna.

Wata hantsi tana wurin aiki, na shiga sito in ɗebo busasshen kifi. Idona ya washe, har zaren tabarma nake gani. Bayan buhun shinkafa na hango kwali da hoton kaza a jiki, da ɗan faifan sola. Ko salatif ɗin ba a ɓare ba.

Na jawo shi tsakar gida, na zauna a gabansa har ta dawo. Da ta gani, ta tsaya da jakarta a kafaɗa.

"Ina kajina?"

"Mama, ki bari in yi miki bayani."

"Ina kajina?"

"Kawu ya kai su kasuwa. Washegarin tafiyarmu."

Sauran ya fito a hankali. Gidan ma sun sa 'yan haya, kayana suna ɗaki guda a kulle. Ta ce sau biyu na faɗi a banɗaki ba kowa, ga hawan jini, kuma sun san in an faɗa mini gaskiya ba zan taɓa fitowa ba. Tana kuka tana faɗa.

Na ce mata, "Da kin ce mini Mama kin tsufa, da mun yi faɗa mun gama. Amma ki zaunar da ni wuni guda ina zaɓe, ki riƙe tef kina aunawa, alhali kin sani?"



Ban ce faɗuwar ƙarya ce ba. Na faɗi, kuma na ɓoye musu na ukun. Sai dai an ɗauke ni kamar ɗaliba 'yar aji ɗaya da ake lallaɓawa a yi mata allura, ni da na koya musu karatu, ita da kawun nata.

Ranar Juma'a na shiga mota ni kaɗai zuwa Nguru. Matar da ke gidan 'yar kudu ce, mijinta ma'aikaci ne. Ta kira ni Mama, ta kawo ruwa, ta bar ni na zagaya baya. Gawayi suke ajiyewa a akurkin. Daga nan na wuce gidan ƙanena. Ya fito yana "Yaya, sannu da hanya," yana kallon ƙasa. Na ce ya miƙo mini takardun gidana. Ya shiga ya kawo.

Har yau ina Gashua, domin bayin Allah da suka shiga gidan ba su yi mini laifi ba, sai shekararsu ta cika. Na gaya wa 'yata a gaban mijinta cewa ranar da suka fita zan koma. Tana kawo mini magani safe da yamma, ina karɓa, muna gaisawa. Ƙanena yana kira, wani lokaci in ɗauka.