Sammakon Zariya Don Wuƙa Mai Ƙahon Rago

Kaduna

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina sallame salla na saɓi jaka sai tashar Kawo. Kowa ya san cutata: tara ƙananan wuƙaƙen aljihu na maƙeranmu, masu arahar nan da ba a yi wa kallo biyu a kasuwa. Na daɗe ina farautar wata mai ninkewa, mai mariƙin ƙahon rago, aikin wani tsohon maƙeri a birnin Zariya. Jiya abokina Haruna, tela a Kusfa, ya bugo waya: "Idon tsohon nan ya tafi, ya rufe maƙera. Saura ɗaya tal a hannunsa. In kana so, yi sammako."

Shida da kwata mota ta cika. Tafiyar kilomita tamanin ce, amma direba na jan mu kamar ya ɗauko ƙwai. Na ce, "Direba, ko mu sauka mu tura?" Ya ce, "Alhaji, sauri ya haifi nawa." A shingen Jaji aka leƙa but ɗin motar, aka ɗaga mana hannu.

Zariya

Takwas saura kwata na sauka Ɗan Magaji, Haruna na jira da babur. Ya dage sai na karya. A tsaye na tura waina biyar da miyar taushe, muka shiga gari ta Ƙofar Gayan, muka yi ta ratsa lunguna har gwiwata na gogar katanga.

Baba Maƙeri na zaune a zaure, zugazugansa a rataye. Bayan gaisuwa ya zaro wuƙar daga aljihu ya buɗe. Wayyo! Ƙahon ya sha hannu har yana ƙyalli. Ya ce, "Yaro, me za ka yi da ita?" A nan bakina ya ja mini. Na ce, har da taƙama, "Ajiyewa, Baba. Ina da irinsu cike da akwati, ko lemo ba na ferewa da su."

Ya ninke abarsa ya mayar aljihu. "To, a sauka lafiya. Ta fiƙe alƙalami ce, malamai nake ƙera wa. Ban sha zafin wuta don tsatsa ta samu abinci ba."

Haruna ya yi ta ba da baki. Can tsoho ya laluba zanar da ke bayansa, ya zaro karan gamba uku, ya miƙo mini tare da wuƙar. "Fiƙe mini alƙalami. In ya yi rubutu, taka ce."

Rabona da wannan aiki shekara arba'in. Kara na farko ya tsage har gindi. A na biyu na haɗa da babban yatsana. Haruna na ɗaure mini da ƙyalle yana dariya: "Ma'aikacin gwamnati! Biro ya gama da kai." Na harare shi, na ɗauki na ƙarshe. Sai na tuna yadda mahaifina ke yi: a kwantar da wuƙa, a fere a hankali, a ɗora bakin bisa farce a ɗan tsaga shi kaɗan. Haka na yi.

Aka kawo allo da tawada, na rubuta Bisimilla. Tsoho ba ya gani, sai ya karkato kunne yana sauraron tafiyar alƙalami, sannan ya karɓa ya shafa bakin.

"Bai karce allo ba. Wa ya koya maka?"

"Mahaifina, Baba."

"Allah ya jiƙansa. Ɗauki wuƙarka, amma kullum ta yi aiki."

Allahu akbar! Daɗi ya rufe ni har da ƙwalla. Kuɗin da ya yanka bai kai kuɗin motar da na biya ba, na yi ƙari ya ƙi.

Gida

Ƙarfe huɗu na yamma na shiga gida lafiya, wuƙa a aljihun gaba, ina dafa ta a kowane rami. Alhamdulillahi. Haruna, na gode, na kuma yafe dariyar. Godiya mafi girma ga Baba Maƙeri. Da zan fito daga zaurensa na miƙa hannu in ɗauki alƙalamin, ya riƙe gam. Ya ce, "Bar mini wannan. Shi ne shaidata cewa ta ƙarshen ta faɗa hannun mai ita."