Mutumin da Ƙasa Duka Ta San Ƙeyarsa

Alois Kubát, wanda kowa ke kira Lojza, bai iya zama ba. A tsaye yake shan kofi, a tsaye yake duba jarida, in ya je coci ma can baya yake rakuɓewa kusa da ƙofa yana sauya ƙafa. Matarsa Jarmila takan ce kujerar da aka ba su gudummawa ranar aure, ɓangarensa har yau sabo ne fil. Jan gungumen itace da doki ya yi a dazukan duwatsun Krkonoše na ƙasar Cek tun yana saurayi, har ranar da gwiwoyi suka ce sun gaji. Su ne suka gaji, shi bai gaji ba.

Amma ba da itace aka san shi ba, da ƙeyarsa aka san shi. Shekara hamsin da ɗoriya ke nan, masu shirya fim suka zo ƙauyen daga Praha, babban birnin ƙasar, a tsakiyar hunturu. Labarin wasu yara biyu ne da suka fita neman ubansu wanda ƙanƙara ta tare a bayan dutse ranar jajibirin Kirsimeti, sai wani mai amalanken ƙanƙara ya tsince su a hanya. Ɗan wasan da aka ba matsayin mai amalanken kuwa, ko haniniyar doki ya ji sai jikinsa ya ɗauki rawa. Sai aka jibga wa Lojza rigarsa da hularsa, aka ce ya koro dawakin ya gangaro daga tudu, kada ya kuskura ya waiwayo. Bai waiwayo ba.

Fim ya fito ya shiga ran mutane. Duk jajibirin Kirsimeti, da an tashi daga cin abinci sai a saka shi a talabijin, ƙasar Cek kakaf ta zauna kallo. Da an zo wurin gangaren sai ka ji ƙauyen ya ɗauka gida-gida: "Ga Lojza! Ga ƙeyar!" A mashaya kuwa, da ya shigo sai wani ya ce, "Wane ne wannan baƙon? Malam, juya mana mu gane ka." Sai ya juya, a kwashe da dariya, ya sha giyarsa a tsaye ya fita.

Jikarsa Dorka, 'yar ɗansa Radim, shi ya koya mata riƙe linzami tun ba ta iya ɗaure igiyar takalmi ba. Ta girma ta tafi Praha tana horar da dawakin da ake sawa a fim. Da bazara ta kira shi a waya.

"Kaka, zauna in gaya maka wani abu."

"Faɗi, ina jin ki a tsaye."

"Za a sake yin fim ɗinku, sabo. Kuma ni zan kora amalanken."

Can ya ce, "Wa ya mutu?"

"Kamar yaya?"

"Na ji ana rabon gado ne, shi ya sa nake tambaya wa ya mutu."

Ta kashe wayar. Tun daga ranar ba ta sake kiransa ba, sai dai Jarmila ta ce, "Dorka na gaishe ka," shi kuma ya san ƙari ne irin na Jarmila.

Da aka ji za ta zo Kirsimeti, kuma sabon fim ɗin za a saka a madadin tsohon, Jarmila ta tare shi a bakin murhu. "Ka ji ni da kyau, Lojza. In ka bari yarinyar nan ta fita gidan nan da fushi, ba za ta sake takowa ba. Ka san zuciyarta, taka ce ta ɗauko." Ya sani. Ya kuma san shi bai iya ƙarya ba, in ta tambaye shi ya ya gani, abin da ke bakinsa zai fito. Sai ya yi dabara: a ci abinci da wuri, kafin a fara ya sulale ya ce zai duba dokin maƙwabci. "Ban gani ba" ai ba ƙarya ba ce.

Ranar tun asuba yake safa da marwa. Ya yanka kifin Kirsimeti da ya kwana yana iyo a bahon wanka kamar yadda aka saba, ya faskare itacen da zai kai su wata guda, ya kwance ƙofar rumbu da ba abin da ya same ta ya sake ɗaurawa. Rana ta faɗi, Radim da ya je tasha ɗauko Dorka shiru. Sai da duhu ya shiga sosai suka iso. Ta sumbaci kakarta, ta dube shi ta ce, "Sannu, Kaka," kamar mai gaida ɗan sanda.

Jarmila ta riga ta jera komai a kan tebur: romon kifi, soyayyen kifi, kwaɗon dankali, gishiri, ruwa, har wuƙar yanka tuffa, don kada wani ya ce ya manta wani abu. Bisa al'ada, a daren nan in an zauna an zauna. Ba mai tashi sai na ƙarshe ya ajiye cokali a miƙe tare, wanda ya riga tashi kuwa ba zai ga Kirsimeti mai zuwa ba. Wannan ne zama ɗaya tilo da Lojza ke yi a shekara ba tare da gardama ba.

Sai da ya zauna ya ɗaga kai, ya ga talabijin ɗin da ke falo ya dawo kan kabad, ya fuskanci kujerarsa sak.

"Wa ya kawo wannan nan?"

"Ni dai cewa aka yi in ɗauko, Baba," in ji Radim. "Ƙuguna ma bai daina ciwo ba."

"Jarmila, yaushe aka fara cin abinci da talabijin a gidan nan?"

"Bana."

Dorka ta zaro abin kunnawa daga aljihu ta danna.

Lojza ya hau abinci kamar ana binsa. Kafin a gama rubutun farkon fim ɗin ya share faranti. Radim ya gama, Jarmila ta gama. Dorka kuwa ta sa kifinta a gaba tana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a bakin faranti.

"Ke 'yar nan, cin kifin za ki yi ko tiyata kike masa?"

"Ba kai kake cewa in ci a hankali kada ƙaya ta maƙale min ba?"

"Da kina 'yar shekara biyar ke nan."

"To ban manta ba. Ka ga tarbiyya."

Gwiwarsa ta fara kaɗawa a ƙarƙashin tebur har cokula suna ƙara. Ya dubi taga, ya dubi rufi, ƙarshe dai idon ya koma kan allon. Komai tas-tas, launi kamar an wanke. Yaran kumatu cike, riguna ba ko faci.

"Wannan ƙanƙara ce ko garin fulawa?"

"Inji ne ya yi ta," in ji Dorka. "Bara ba ta sauka ba, ko ka manta?"

Bai manta ba. A nasu fim ɗin, ƙanƙarar har gwiwa take, ƙaramin yaron majina na zuba ba wanda ya share masa, ana rera waƙa ɗaya mai tsawo har kaka ta yi gyangyaɗi ta farka ba a gama ba. A wannan ba a ba mutum sararin gyangyaɗi. An ƙaro wata akuya da ke bin yaran tana cinye musu guzuri, Radim ya ƙyalƙyale har yana buga tebur. Uwar yaran kuma, wadda a tsohon ta ƙare fim ɗin a bakin taga tana kuka, a nan sai ta suri fitila da gatari ta bi sawunsu.

"Yauwa!" in ji Jarmila. "Shekara hamsin ina jiran matar nan ta tashi!"

Akuyar ta sa kai a tukunyar wani mai gadi ta kasa fitarwa, dariya ta kuɓuce wa Lojza ta hanci. Ya mai da ita tari, amma Dorka ta ji. Abin da ke cin ransa ke nan. Ya zo da shirin ganin shirme, da shirme ne da sauƙi, sai ya haɗiye ya ce abinci ya yi daɗi. Ga shi matarsa ta manta da shi gaba ɗaya ta zura wa allo ido, kuma ya san haka kowane gida a ƙauyen yake a yanzu, ba mai jiran wata ƙeya.

Yaran suka kai gindin tudu. Aka fara jiyo ƙararrawar dawaki daga nesa. Lojza ya dafa gefen tebur da hannu biyu, ya fara ɗagowa daga kujera. Jarmila ta cafke masa wuyan hannu.

"Zauna. Ban shirya binne ka ba."

"Camfi ne kawai."

"Na ji, camfi ne. Zauna."

Dorka ta ɗago da shirin tsokana, sai ta ga fuskarsa. Ba fushi ba ne a ciki. Irin fuskar mutumin da ke jiran likita ya fito ce. Ta dubi rabin kifin da ya rage, ta dunƙule shi ta tura baki, ta kora da ruwa har idonta ya kawo hawaye. Ta ajiye cokali.

"Na ƙoshi."

Suka miƙe tare. Kafin kujeru su daina ƙara Lojza ya kai ƙofa, hannu ɗaya cikin rigar sanyi.

"Je ka, tsoho," in ji Dorka a hankali. "Ba sai ka gani ba." Ta ɗauki abin kashewa.

"Bar shi."

A nan bakin ƙofa ya kalla, rigar na reto a kafaɗa ɗaya. A nasu fim ɗin daga baya aka ɗauke su, kwarin duka a buɗe a gaban dawaki. Waɗannan daga gaba suka ɗauka, ba kwari, sai fuskar mai korar. Ga Dorka cikin hular gashi, iska ta ja mata kumatu, tana yi wa dawakin tsawa. Da suka zo kwanar da ke kusa da gada amalanken ya karkata, ta cije leɓe, ta kwanta gefe guda, ya dawo daidai. Aka wuce wurin.

"To?" in ji Dorka. "Faɗi. Na san ba ka iya ƙarya ba."

"Namu ya fi sanyi."

"Haba, Baba," in ji Radim.

"Kai, rufe min baki. In kana kallon namu har haƙoranka sai sun ji sanyi. Wannan ba sanyi a cikinsa. Uwar ta fi tamu, wannan ba musu. Akuyar iskanci ce, amma na yi dariya."

"Ni fa?"

Ya sauya ƙafa. "A kwanar gadar nan, kin ji tsoro."

Ta ɗaga haɓa. "Na ji."

"Ni ma na ji. Ni dai ba wanda ya gani."

Jarmila ta juya tana tattara faranti da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Lojza ya ƙarasa sa rigar, ya ciro ta Dorka daga ƙusa ya jefa mata.

"Namu fa? Sun daina sakawa ke nan?"

"Gobe da hantsi za su saka."

"Lokacin da kowa ke coci ko wanke-wanke."

"Eh."

Ya jinjina kai. "Zo mu zaga, ƙafafuna sun mutu. Ki gaya min wane mugun ne ya ba ku dawakin nan masu tumbi."

"Kyaututtukan fa?" in ji Jarmila. "Suna can ƙarƙashin bishiyar Kirsimeti tun rana!"

"Ba inda za su," in ji Dorka, tana durƙushe tana ɗaure takalmi. Kafin ta gama ɗaya, shi har ya kai bakin shinge yana ƙwala mata kira.